Enzayim da Sinadaran Tsirrai na Musamman

Enzayim wani nau'in furotin ne da ke gaggauta juyewar wani sinadari zuwa wani a jikin mai rai, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A jikin tsiro, enzayimomi su ne ke harhaɗa abubuwan da ake kira sinadaran musamman. Ɗacin darbejiya, yajin barkono, jan zoɓo, ƙamshin citta da kanumfari, kafeyin da ke cikin goro, da magunguna irin su kwinin, mofin da atimisinin, duk aikinsu ne. Masana sun ƙiyasta cewa irin waɗannan sinadarai sun haura 200,000. Kowannensu yana samuwa ne ta matakai, wani lokaci uku, wani lokaci fiye da talatin, kuma kusan kowane mataki da enzayim ɗin da ke kula da shi. Umarnin ƙera kowane enzayim yana rubuce a cikin ƙwayar gado, wato wani yanki na DNA da tsiro ke gada daga iyayensa.

Amfaninsu ga tsiro

Akwai sinadaran da kowane tsiro ke buƙata don ya rayu, kamar sukari, mai da amino asid, waɗanda ake kira na asali. Na musamman kuwa sun bambanta daga wannan dangi zuwa wancan, kuma galibin aikinsu hulɗa ce da duniyar waje. Tsiro ba ya gudu. Inda ya fito nan zai tsaya, ko fara ta zo, ko akuya, ko fari. Don haka da sinadari yake kare kansa daga ƙwari, dabbobi da cututtuka, da shi yake kiran zuma ta zo kan fure, da shi yake tare zafin hasken rana, da shi kuma saiwarsa ke aika saƙo ga ƙananan halittun ƙasa. Masanin Jamus Albrecht Kossel ne ya bambanta rukunan biyu a 1891. An daɗe ana ɗaukar na musamman a matsayin sharar da tsiro ke zubarwa, har zuwa 1959 lokacin da Gottfried Fraenkel ya kawo hujjar cewa makaman kariya ne daga ƙwari.

Taƙaitaccen tarihi

An fara sanin sinadaran kafin a san masu yin su. Friedrich Sertürner ya ware mofin daga ƙaron furen ofiyom a farkon ƙarni na 19, Pelletier da Caventou kuma suka ware kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820. A 1833 Payen da Persoz suka fitar da wani abu daga tsiron sha'ir mai mayar da sitaci sukari. A 1837 Liebig da Wöhler suka nuna cewa a cikin 'ya'yan almon mai ɗaci akwai wani abu da ke farfasa sinadarin amigdalin ya saki gubar sayanaid. Eduard Buchner ya tabbatar a 1897 cewa ruwan da aka matso daga yis yana iya ruɓar da sukari ko da babu ƙwayar yis mai rai a ciki. A 1926 James Sumner na Amurka ya tace enzayim ɗin yuriyes daga wani irin wake, ya nuna cewa furotin ne.

Daga shekarun 1950 aka soma shayar da tsiro sinadarai masu ɗauke da kabon 14, wanda ake iya bin sawunsa, don a ga inda ya shiga. A 1961 Koukol da Conn suka gano enzayim ɗin PAL a sha'ir. A 1988 Toni Kutchan, tana aiki a ɗakin binciken Meinhart Zenk a Munik, ta ware ƙwayar gadon farko ta wani enzayim mai haɗa alkaloyid. Tun da aka kammala karanta DNA na ɗan tsiron gwaji Arabidopsis a shekarar 2000, aikin ya ƙara sauri ƙwarai.

Rabon aiki

Babbar riga tana bi ta hannun masaƙi, marini, maɗinki da mai aikin wuya kafin ta isa kasuwa. Haka sinadarin tsiro yake. Rukunin farko na enzayimomi su ne masu kafa ƙashin baya: suna ɗaukar wani sinadarin asali su lanƙwasa shi ya zama zobe ko sarƙa. Rukuni na biyu masu ƙawatawa ne, waɗanda ke ƙara ɗan abu nan, su cire ɗan abu can. Daga ƙashin baya guda ana iya samun ɗaruruwan sinadarai, kuma nan ne sirrin yawansu yake.

Mafi girman dangin masu ƙawatawa shi ne saitokurom P450, wanda masanan Japan Omura da Sato suka raɗa wa suna a farkon shekarun 1960. Aikinsa ɗora ƙwayar zarrar oksijin a daidai gurbin da ake buƙata, abin da ke wahalar da masu haɗa sinadarai a masana'anta. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado 57 na wannan dangi, Arabidopsis kuwa, duk da ƙanƙantarsa, yana da kusan 245. Dangi na biyu, UGT, yana manna sukari a jikin sinadari, abin da ke sa ya narke a ruwa, ya lafa, a iya ajiye shi ba tare da ya cutar da tsiron ba. Na uku masu manna ƙaramin gungun kabon ne da ake kira metil. Da irinsu ake gina kafeyin, a matakai uku na mannawa, kuma binciken DNA na kofi da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa kofi ya samu nasa enzayimomin ne daban da na shayi da koko.

Manyan gidaje uku

Gida na farko shi ne tarfin, wanda ya fi kowanne yawa. Tubalinsa yana da ƙwayoyin kabon biyar, ana haɗa shi ya zama goma, goma sha biyar, ashirin ko talatin. Ƙamshin lemo da na'ana'a, ɗacin darbejiya, da maganin sankara taksol daga nan suke. Enzayimomin da ke naɗe sarƙar su ba ta siffa ana kiransu tarfin sintes, kuma sauya amino asid ƙalilan a jikin ɗaya daga cikinsu kan sa ya fitar da wani sinadari dabam.

Gida na biyu shi ne fenol. Ƙofar shigarsa enzayim ɗin PAL ne, wanda ke cire naitirojin daga amino asid ɗin fenilalanin. Daga nan hanya ke rabuwa. Wani reshe yana kaiwa ga lignin, mai sa itace tauri, wani kuma yana bi ta enzayim ɗin calkon sintes zuwa launukan furanni da 'ya'yan itace. Jan da ke fita idan aka jiƙa zoɓo daga wannan reshen yake. A 1990 wasu masana a Amurka suka ƙara wa furen fetuniya ƙwayar gadon calkon sintes don launinsa ya ƙara duhu, sai furanni da yawa suka fito farare. Bin diddigin wannan abin mamaki yana cikin abubuwan da suka kai ga gano yadda ƙwayar halitta ke rufe bakin ƙwayar gado, dabarar da yanzu ake amfani da ita a noma da likitanci.

Gida na uku shi ne alkaloyid, masu ɗauke da naitirojin, waɗanda galibinsu daga amino asid ake gina su. Mofin, kwinin, nikotin da ke cikin taba, da sitiriknin suna cikinsa. Enzayim ɗin da Kutchan ta ware ƙwayar gadonsa yana haɗa sinadarai biyu su zama sitiriktosidin, wanda shi ne uwar dubban alkaloyid. Daga cikinsu akwai binbilastin da binkiristin, magungunan sankarar jini, da ake samu a furen Catharanthus roseus na Madagaska, wanda ake shukawa don ado a gidaje da ofisoshi a ƙasashe masu zafi.

Dawa da rogo

Misalin da aka fi nazari, kuma ya fi kusa da manomi, yana cikin dawa. Ƙaramar dawa tana ɗauke da sinadarin durin, wanda Dunstan da Henry suka bayyana a 1902, sunansa kuma daga kalmar Larabci ta dawa aka ciro shi. Enzayimomi uku ke gina shi daga amino asid ɗin tairosin: CYP79A1 da CYP71E1, dukkansu 'yan dangin P450, sai UGT85B1 mai manna sukari a ƙarshe. Ƙungiyar Birger Lindberg Møller a Jami'ar Kofanhagan ce ta gano su. A 2016 suka nuna cewa enzayimomin suna taruwa wuri guda a jikin wani tantani, kowanne yana miƙa wa na gaba abin da ya gama, don kada sinadarin tsakiya mai illa ya tsere.

Durin shi kaɗai ba ya kisa. Dawa tana ajiye shi a jakar ajiya ta ƙwayoyin fatar ganye, enzayimomi biyu da ke kwance shi kuma suna can cikin ƙwayoyin tsakiyar ganyen. Idan tsutsa ko saniya ta tauna, bangon da ya raba su ya rushe, sai su haɗu. Enzayim ɗin farko ya yanke sukarin, na biyu ya saki sayanaid, gubar da ke hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin. Wannan ne dalilin da ya sa dabbar da ta faɗa wa ƙaramar dawa ko gyauro, musamman bayan fari ya matsa wa shukar, take iya soma haki da karkarwa ta faɗi cikin ɗan lokaci. Yayin da dawa ke girma durin yana raguwa, ƙwayar hatsin da ta nuna kuwa ba ta da wannan haɗari. Shi ya sa malaman gona ke shawartar kada a bar dabba ta ci har sai karan ya wuce rabin mita. A 2001 ƙungiyar Møller ta ɗauki ƙwayoyin gadon nan uku ta dasa wa Arabidopsis, sai ya soma yin durin, wani ƙaramin buzuzu da ya saba cin danginsa kuma ya ƙaurace masa. Wannan ya tabbatar da cewa kariya ce, ya kuma nuna ana iya ɗauke hanya sukutum daga wani tsiro zuwa wani.

Rogo, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake kuma Nijeriya ta fi kowace ƙasa nomansa, yana da irin wannan makami. Nasa sinadarin linamarin ne, ana gina shi a ganye daga amino asid ɗin balin, a sauke shi zuwa saiwa, enzayim ɗin linamares kuma yana jira a bangon ƙwayar halitta. Duk matakan yin garin rogo suna amfani da wannan tsari. Gurzawa tana haɗa linamarin da enzayim ɗinsa. Kwanakin da gurjin ke yi a buhu an danne shi da dutse suna ba enzayim lokacin gama aiki, ruwan da ke tsiyayewa yana tafiya da wani kaso na gubar, suya a kasko kuma ta kori sauran, domin sayanaid yana zama tururi da ɗan zafi kaɗan. Inda yunwa ko yaƙi suka sa mutane gajarta waɗannan matakai, kamar yadda ya faru a sassan Kwango da Mozambik, an ga cutar konzo mai shanye ƙafafu. Ƙa'idar abinci ta duniya ta kayyade miligiram 10 na sayanaid a kowane kilo na garin rogo da aka niƙa.

Dabarar raba sinadari da enzayim ɗinsa ta yaɗu a tsirrai. Albasa ba ta sa hawaye sai wuƙa ta shige ta. A 2002 masana a Japan suka gano enzayim na musamman da ke yin sinadarin hawayen. Tafarnuwa ba ta wari sosai sai an daka ta. Ganyen baba ma kore ne, sinadarin indikan da ke cikinsa ba shi da launi, sai enzayim ya yanke masa sukari iska kuma ta taɓa shi sannan shuni ke bayyana.

Atimisinin da zazzaɓin cizon sauro

Artemisia annua, ɗan dangin tsirran da Hausawa ke kira tazargade, shi ne tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi a yau. Gwamnatin Sin ta ƙaddamar da wani shirin neman magani a ranar 23 ga Mayu 1967, a ƙarƙashinsa kuma Tu Youyou da abokan aikinta suka ware atimisinin a 1972. Ta samu kyautar Nobel a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa shi da wani maganin, kuma wannan haɗin ne ake bayarwa a asibitocin Nijeriya, ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

Tsiron yana yin maganin ne a cikin wasu ƙananan gasu da ke kan ganye da fure, kowanne mai ƙwayoyin halitta goma. Enzayim ɗin ADS yana naɗe sarƙa mai kabon goma sha biyar ta zama amofadayin. CYP71AV1 ya ɗora mata oksijin, DBR2 da ALDH1 su ƙarasa ta zuwa wani asid. Matakin ƙarshe, inda ake samun gadar ƙwayoyin oksijin biyu wadda ita ce ke kashe ƙwayar cutar idan ta haɗu da sinadarin ƙarfe na jini, yana iya faruwa da taimakon haske da iska kawai. Abin da ake samu a busasshen ganye ɗan kaɗan ne, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, kuma yana bambanta daga shuka zuwa shuka. Wannan rashin tabbas na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan jiƙon ganyen a madadin ƙwayar magani ba, domin maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta jurewa.

Ƙarancin maganin da hawa da saukar farashinsa suka sa Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya a Bakli ya nemi koya wa yis wannan aiki, da tallafin Gidauniyar Gates daga 2004. A 2006 aka samu yis mai yin asid ɗin atimisinin, a 2013 kuma aka kai giram 25 a kowace lita. Kamfanin Sanofi ya soma sarrafa shi a Italiya a wannan shekarar. Sai dai farashin wanda manoma ke samarwa a Sin, Biyetnam da gabashin Afirka ya sauko, na yis ya kasa gogayya da shi, kamfanin ya sayar da masana'antar a 2016. Ilimin ya yi nasara, kasuwa ce ta yanke nata hukuncin.

Yadda ake gano enzayim a yau

Mai bincike yakan duba inda sinadarin ya fi taruwa, ko saiwa ce, ko gashin ganye, ko bayan an ji wa tsiro rauni, sannan ya nemi ƙwayoyin gadon da ke farkawa a wannan wuri da wannan lokaci. Wani sa'in yakan tarar da su jere kusa da juna a DNA, kamar yadda aka gani a masara a 1997, da kuma a furen ofiyom a 2012, inda ƙwayoyin gado goma na maganin tari noskafin suke wuri guda. Waɗanda ake zargi sai a gwada su a Nicotiana benthamiana, ɗan'uwan taba daga Ostareliya. Ana ɗura wa bayan ganyensa ruwa mai ɗauke da wata bakteriya da ke shigar da ƙwayoyin gadon, bayan kwana biyar ko makamancin haka a tsinke ganyen a auna abin da ya fito.

Da irin waɗannan dabaru ƙungiyar Sarah O'Connor a Cibiyar John Innes ta Ingila ta gano enzayimomin ƙarshe da suka ɓace a hanyar binbilastin a 2018. Hanyar tana da matakai kusan 31, an rarraba su a nau'o'in ƙwayoyin halitta daban-daban, kuma ana buƙatar kimanin kilo 500 na busasshen ganye don samun giram ɗaya. A 2022 aka gina yis mai yin tubalansa biyu bayan gyare-gyare 56 a DNA ɗinsa. Kafin nan, a 2015, Christina Smolke ta Jami'ar Sitanfod ta samar da dangin mofin a yis da enzayimomi sama da ashirin. Darbejiya ma ta shiga layi. An ware azadiraktin, sinadarinta mai hana ƙwari ci, a 1968, kuma sai da Steven Ley na Kambirij ya shafe shekara 22 kafin ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007. A 2023 ƙungiyoyin Anne Osbourn da Elizabeth Sattely suka bayyana enzayimomi 22 da ke gina ƙashin bayan dangin wannan sinadari.

A gona

Saiwar dawa tana fitar da sinadarin sitirigolakton don kiran wasu ƙananan halittun ƙasa da ke taimaka mata shan fosfaras. Irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana iya kwana shekaru a ƙasa yana jiran wannan saƙo, da ya ji shi sai ya tsira ya manne wa saiwar. A 2017 masana a Jami'ar Purdue, cikinsu har da Gebisa Ejeta ɗan asalin Habasha, suka nuna cewa dawar da ƙwayar gadonta ta LGS1 ta lalace tana fitar da wani nau'in sinadarin dabam, wanda ba ya tayar da ƙuduji sosai. Masu inganta iri sun samu alamar da za su bi kenan. A auduga kuma, gubar gosifol ce ke hana mutane da kaji cin ƙwayar gurya. A 2006 masana a Tekzas suka rufe bakin enzayim ɗin da ke fara gina ta a cikin guryar kaɗai, suka bar ganye da kariyarsa.

Muhimmanci

Duk tsiron da ya ƙare a daji yana tafiya da enzayimomin da babu wanda ya taɓa karantawa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa ƙasashe da al'ummomin da tsiro ko saninsa ya fito daga gare su suna da haƙƙi a cikin ribar da aka samu. Wannan ya shafi yankin Sahel kai tsaye, inda marke, sabara, bagaruwa da kalgo suka daɗe a hannun masu magani da majema. Makiyayin da ke kore shanunsa daga gyauro da matar da ke ƙin soya gurjin rogo sai ya kwana sun riga sun san sakamakon aikin enzayim. Abin da binciken ya ƙara shi ne sunan kowane ma'aikaci da matakin da yake riƙe da shi, kuma da wannan sanin ake samun iri mai jure ƙuduji, abinci marar guba, da maganin da aka san adadinsa.